Malam Idi da Man Rana

'Yan matan yanzu masu sayar da man shafawa ta waya, ina ganinku. Ku ɗauki hoton kwalba ku liƙa, ku miƙe ƙafa kan katifa kuna jiran saƙo, wai ku ma 'yan kasuwa ne. Har wata ta tsaya gaban rumfata kwanan baya, ta ƙare wa kantocina kallo ta ce ai wannan sana'a ba ta da wuya. Ban tanka mata ba, don bakina da goro a lokacin. Ganin kitse kuke yi wa rogo. Shekara talatin da 'yan kai ina zaune a layin masu kayan shafa na kasuwar Malanville, nan bakin iyakar Nijar, amma har gobe in mutum ya ce in ba shi man rana, wato man da ke kare fata daga ƙunar rana, sai na yi bisimilla kafin in miƙa hannu kan kanta.

Wurin Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, na koyi sana'a. Ita ba ta san kwalba ba. Man kaɗe take sayarwa, da kwalli, da lalle, da sabulun salo, da turaren wuta. Ranar farko ta ajiye mini ƙorai biyu na man kaɗe, ta ce in gaya mata wanne ne mai kyau. Na duba wannan, na duba wancan, na ce duka biyun. Sai na ji ranƙwashi a tsakar kai. Ashe ɗaya an cuɗa shi da kitsen saniya. Ta kama hannuna ta lakata kowanne a bayansa, ta ce in murza, in shinshina, in lasa. Kayan aikinmu ke nan a wancan zamanin: hanci, harshe, bayan hannu, sai wata randa da ta binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙuryar rumfa don kada mai ya narke. Dokarta ɗaya ce, kuma kullum sai ta maimaita: “Kak ki saida abin da ba ki shahwa ga jikinki ba.” Shekara biyu na yi ina murza da shinshinawa kafin ta yarda in amsa wa mai saye da bakina.

Bayan rasuwarta duniya ta canja. Kwalabe suka fara zuwa daga Kwatano da Ikko, kowace da rubutun Faransanci ko na Ingilishi, ni kuwa ban taɓa zama ajin lakwal, wato makarantar boko, ba. Sai na koma karatun hoto. In na ga lemo ko karas, na san na masu neman haske ne. In na ga jariri, na jarirai ne. In na ga mace da gashi har gadon baya, na gashi ne, ko da kuwa mai sayen kanta kamar gwiwa yake. Da haka na yi shekaru, kuma ban ji kunya ba.

Masu saye kuwa kala-kala. Akwai matan Gaya ta Nijar da ke tsallako gada ranar Juma'a, biki saura kwana shida, su ce in haɗa musu abin da dangin ango ba za su gane su ba. Akwai wani Alhaji da ke sayen baƙin rini duk wata ya ce na wansa ne, alhali gemunsa na ƙara baƙi, wan kuwa mun je jana'izarsa tun bara waccan. Duk wannan ba wuya ba ne. Ka iya murmushi, ka iya rufe baki, ka iya zama da mutane.

Wata Laraba da hantsi, lokacin ban ruwan albasa, wani mutum ya tsaya gaban rumfata da keke. Zabiya ne, dogo, mai kimanin shekara arba'in, da malafa da baƙin tabarau. Ya jingine keken ya yi sallama.

“Hajiya, ina kasuwa?”

“Alhamdu lillahi. Daga ina?”

“Daga Garu. Idi sunana. Ni na Anasaran da jirgi ya tahi ya bari, sai na kama noman albasa.”

Na yi dariya har na ƙware. Haka Malam Idi yake, kafin ka yi tunanin tsokanarsa ya riga ka. Ya zaro wata matsattsiyar roba daga aljihu, irin ta man goge baki amma babba, an matse ta har ta koma kamar ganye. Ya ce wata ma'aikaciyar asibitin garinmu da ake kira Madam ke ba su, su zabiya, in an kawo. Yanzu ya ƙare, ba a san ranar zuwan wani ba. Na farmasi kuwa, in ya saya, sai dai iyalinsa su ci tuwo da robar.

“Irin wanga nika biɗa, Hajiya. Man rana.”

Ban taɓa jin sunan ba. Mu da muke baƙaƙe, wa ya taɓa gaya mana rana na buƙatar magani ban da inuwa? Amma ɗan kasuwa ba ya cewa bai sani ba. Na karɓi robar na yi karatuna na hoto. Ga 'yar rana a zane, ga lamba hamsin. Na ɗauka kuɗinsa ne, dala hamsin, har na ce a raina ashe Turawa ma na yin araha.

To, akwai wani kwalin tarkace da na saya a rufe daga hannun wani direba, irin ragowar kantunan Turai da ake haɗawa a sayar jimla. A ciki akwai kwalabe shida na wani mai ruwan zuma, wata shida ba wanda ya taya. Jikin kwalbar ga rana ƙatuwa, ga bishiyar kwakwa, ga wata baturiya kwance a yashi ba kunya. Na bi dokar Gwaggo, ban tsallake ba. Na shafa a bayan hannuna, laushi kamar alhariri. Na shinshina, ƙamshin kwakwa. Na ajiye shi kusa da robarsa.

“Malam Idi, dubi naka, 'yar rana ƙarama gare shi. Dubi girman ranar wanga.”

Ya ɗaga tabarau, ya kai kwalbar dab da idonsa, ya jinjina kai. “Lalle wanga ya hi ƙarhi,” in ji shi. Ya biya, ya yi godiya, har da addu'a.

Ranar Asabar, kasuwa na tsakiyar ci, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya sun cika layi, sai na ji murya tun daga wajen masu tabarmi: “Ina mai man? Ku gwada min ita!” Wata gajeriyar mace ce, ɗaure da gyale a ƙugu, tana jan Malam Idi da hannun riga. Hawa ke nan, matarsa. Ta tsayar da shi gaban rumfata ta fizge malafar.

Na ga ja a rayuwata, ban ga irin wannan ba. Fuska, wuya, hannuwa, duk sun yi jawur kamar tattasai, suna sheƙi, goshi ya ɗuri ruwa.

“Jama'a ku taho ku gani!” in ji Hawa. “Na aiko miji kasuwa da lahiyatai, an maido min shi soyayye!”

Malam Idi, da leɓe a kumbure, ya ce, “Gishiri kaɗai ya rage, Hajiya.”

Kasuwa ta kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ja ƙyauren rumfa, na tare mana babura, muka nufi asibiti mu uku, Hawa na zagina daga kan nata babur har muka isa.

Madam ta asibiti mace ce mai ƙiba, ba ta da saurin magana. Ta karɓi kwalbar ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa. Ta ce, “Hajiya, kin san mi kika ba shi? Wanga man Turawa ka shahwa shi su kwanta bakin teku don rana ta kama su da kyau, su yi duhu.” Na ce wa zai sayi baƙi da kuɗinsa? Ta ce ga shi kuwa na gani. Har ta fara murmushi, sai ta juya ta dubi Malam Idi, murmushin ya tafi.

Nan na ji abin da ban sani ba. Ta ce fatar zabiya ba ta da abin da Allah ya sa a tamu mai tare rana. Kowace ƙuna tana warkewa a ido, amma fata ba ta mantawa. A hankali sai wani ƙurji ya fito wanda ba ya jin magani, daga nan sai ciwon daji. Ta ce ta binne waɗanda ba su kai shekarunsa ba. In ba a samu man kirki ba, to ya bar gona, ya nemi aikin inuwa.

“Madam,” in ji Malam Idi, “ɗiya biyar gare ni. Albasa ba ta hita cikin ɗaki.”

Hawa ta mayar masa da malafarsa a ka. Kunya ta ishe ni, tsoro ya fi ta.

Wannan ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Kafin mako ya zagayo an raɗa mini suna Hajiya Mai Suya. 'Yan babur in an ce a kai su layin kayan shafa sai su tambaya, “Wajen mai suya?” Matan Gaya suka koma rumfar maƙwabciyata, wadda jiya-jiya take aron mazurari a wurina. Wata tsohuwa ta zo sayen sabulun salo, ta ɗauka ta shinshina, ta tambaye ni ko shi ma yana soyawa, ta ajiye ta tafi. Har Alhajin rini ya daina zuwa, na ga gemunsa ya yi fari fat a hanya, ya gwammace tsufa da hannuna. Na wuni ina korar ƙuda, babu mai cewa nawa.

Tun da babu ciniki, sai na mai da kaina 'yar makaranta. Duk Alhamis da la'asar in tafi wurin Madam da jakar kwalabe, in zauna kan benci tare da masu awon ciki har ta sallami kowa. Tsofai-tsofai da ni ta koya mini haruffa, ba duka ba, iya waɗanda za su hana ni kashe mutum.

Ga abin da na kwaso, ku buɗe kunne, don ba kyauta na same shi ba. Lambar nan ba kuɗi ba ce, ƙarfin kariya ce. Talatin ta wadatar wa yawancin mutane, amma ga irin Malam Idi hamsin ko abin da ya fi. Lamba kaɗai ba ta isa ba, sai ki nemi wasu haruffa uku cikin da'ira, na farkonsu kamar ƙoƙo, su ke nuna man na tare har zafin da ke shiga can ciki ba tare da an ji ƙuna ba. Ki duba ranar lalacewa, a buge take a gindin roba, ba a takardar da aka liƙa ba, don takarda kowa na iya liƙawa. Ki duba hatimin baki. Ki murza rubutu da babban yatsa, in ya goge jabu ne. Ki matso kaɗan, in ruwa ya riga mai fitowa, zafi ya kashe shi a hanya ko a rumfa. Shi ya sa na tono randar Gwaggo na sake binne ta a yashi, kuma har yau man rana a rumfata ba ya hawa tebur. Masu jera shi a faranti suna yawo da shi tsakar rana, Allah ya shirye su.

Ba a haɗa shi da komai. Wannan ya yi mini ciwo, don ni a haɗi na yi suna, kuma har na fara lissafin yadda cokali biyu na man kaɗe zai mai da roba ɗaya biyu. Madam ta ce in na kuskura ita da kanta za ta kira mini jandarma. Wanda aka ce yana kare rana kuma yana sa haske, a bar shi inda aka gan shi. Mai ƙamshi da yawa ba na fata mai rauni ba ne. Sabon mai, a shafa kaɗan a cikin dantse a jira kwana ɗaya a gani. Awonsa kuwa, a ja layi biyu a kan yatsu biyu tun daga tushe har ƙarshe, wannan na fuska da wuya ne kaɗai. Kuma mai ba ya maye gurbin malafa da riga mai dogon hannu.

Sai ta faɗi na ƙarshe. Ta ce a sake shafawa duk bayan awa biyu, da duk lokacin da aka yi gumi sosai ko aka wanke jiki.

Na ce to. Amma a raina dariya na yi. Ɓarawo shi ke gane sawun ɓarawo a kan dutse. Ni da nake gaya wa mata su shafa safe da rana da dare don kwalba ta ƙare su dawo, ni za a yi wa wannan? Na ce Turawa ma ashe 'yan kasuwa ne, sun rubuta, Madam baiwar Allah ta haddace. Duk sauran na ɗauka, wannan ɗaya na bar mata shi a kan benci.

Sai da na yi wata biyu kafin na samu hanyar kaya ta kirki, wurin dilan da ke kai wa masu farmasi, na sa aka ɗauko mini a gaban mota, ba a saman kaya cikin rana ba. Na kai wa Madam ta duba ta ce shi ne. Na aika Garu. Suka zo su biyu, Hawa a gaba.

Malam Idi ya juya robar a hannu. “Hajiya, wanga soyawa shika yi ko gasawa? In sani in taho da yaji.”

Hawa ba ta yi dariya ba. Ta ce ba zai taɓa jikin maigidanta ba sai na shafa a fuskata ta gani. Na ce ai a bayan hannu ake gwadawa. Ta ce wancan ma a bayan hannu na gwada. Na ja layi biyu a yatsu na mulka. Shi kuwa irin mai kaurin nan ne da ke barin fari a baƙar fata. Na zauna tsakar kasuwa da fuska kamar na faɗa buhun garin rogo, Hawa na zaune kan kujerata tana gadi, ta ce sai an yi la'asar. Maƙwabciyata ta leƙo sau huɗu, wai tana neman canji. Da la'asar ta yi ban mutu ba, Hawa ta ɗauki robar ta sa a jaka.

“Yaya za ya shahwa?” ta tambaya.

“Da sahe, kamin shi hita. Layi biyu ga huska da wuya, hannuwa da ƙahwahu su ma a cika musu.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa. Na duba na ga talaka ne, in ya bi ta Madam roba ba za ta yi masa kwana goma ba. Na ce bari in sauƙaƙa masa. Na ji daɗin kaina ma a ranar.

Mako uku bayan haka, ana dab da azahar, sai ga keken Malam Idi. Shi kaɗai. Ya ce ya gaya wa Hawa zai sayo bututun injin ban ruwa, don in ta biyo shi yau sai an rufe kasuwa. Ya cire malafa. Bai kai na farko ba, amma ya ƙone. Fuska ja, hannuwa ja, kuma a saman kunnensa na hagu akwai wani ɗan ƙurji mai ɓawo da ya ce kwana goma ke nan yana ɓarewa yana dawowa.

Na tashi tsaye. Na tsine wa dila, na tsine wa direba, na tsine wa wanda ya ƙera robar da wanda ya zana ranar. Na ce gobe da asuba zan hau motar Kwatano in kama mutumin nan da wuyan riga. Na murza rubutu, bai goge ba. Na matso, mai ne lafiyayye. Na titsiye Malam Idi da tambaya. Yana shafawa kullum? Kullum. Layi biyu? Har da ɗori. Ina yake ajiyewa? Ƙarƙashin randa. Hawa ba ta ƙara masa man kaɗe ba? Ya ce Hawa ko ƙuda ba ta bari ya sauka kan robar.

Muna cikin haka aka kira salla. Ya ce in ara masa buta. Ya tsuguna bakin kwata gefen rumfa, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun sabulun salo a leda. Ina kallo ya goga ya yi kumfa, ya dirje fuska, ya dirje kunnuwa ciki da waje, ya dirje hannu har gwiwa, ya ɗauraye, sannan ya yi niyya ya fara alwala. Wani farin ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a ƙasa.

Sai idona ya faɗa kan hannun. Daga yatsu zuwa gwiwa ja. Daga gwiwa zuwa kafaɗa fari tas, kamar an ja layi da zare. Na zagaya bayansa na duba ƙeya, lafiya lau. Ƙafa ja har idon sawu, ƙwauri ba abin da ya same shi. Duk inda alwala ke zuwa, nan rana ta ci.

“Malam Idi, a gona kana ruhe damtse?”

“Ina hwa. Haka nika naɗe riga in zahi ya yi.”

“To sabulun ga na mine ne?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan babansa. “Hajiya, man da ya hana rana shiga, ruwa za ya bari? In ban kankare shi ba, ina alwalata?”

“In ka gama salla hwa?”

“In koma gona.”

“Ba ka sake shahwawa?”

“Ke kin ce da sahe.”

Mako uku ke nan, kullum da tsakar rana, lokacin da ko jaki ke neman inuwa, bawan Allah na kankare kariyarsa da hannunsa don ya tsaya gaban Ubangiji da tsarki, ya koma cikin albasa da fata tsirara. Da la'asar ya sake. Ba dila, ba direba, ba Bature. Ni ce.

Na bari ya yi sallarsa ya dawo. Na so in ce mantawa na yi, har maganar ta zo bakina. Amma mutum ya fito daga masallaci, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba, sai na kasa. Na gaya masa duka, abin da Madam ta ce, da abin da na yanke, da dalilina.

Tun da na san Malam Idi, ranar kaɗai na ga bai yi raha ba. Ya daɗe yana juya malafa a hannu. Sannan ya ce, “Hajiya, da kin hwaɗa min, ni ka yanke ma kaina shawara. Talaucin nawa na, ba naki ba.”

Zagin Hawa gaba ɗaya bai yi mini zafin wannan ba.

Na ɗauko sabuwar roba daga randa, na yanko igiya, na ɗaure ta a hannun butata, na ba shi butar gaba ɗaya. Na ce maganar sabulu ya kai wa limaminsu, ni ba malama ba ce. Amma da sabulu ko ba sabulu, in ya sauke buta, jiki ya tsane, ya shafa kafin ya koma rana, kuma tsakanin salla da salla in gumi ya yi yawa ya ƙara. Ya ce wato yanzu shi da man rana sun zama sau biyar a yini. Na ce magariba da lisha an yafe masa. Sai ya ɗan yi murmushi, na samu na numfasa.

Daga nan ban bar shi ya hau keke ba, asibiti muka wuce. Madam ta duba kunnen da fitila, ta daɗe tana dubawa, ta rubuta takarda ta ce ya tafi babban asibiti a Parakou, kada ya jira a cire albasa. Ta tambayi yadda aka yi, na sake faɗa a gabanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba wanda zai iya cewa wace rana ce ta haifi ƙurjin, shekara arba'in yana shan ta. Na ji ta. Amma ni na san mako uku da ke cikin arba'in ɗin nan.

Wata guda da rabi ban ji ɗuriyarsa ba. 'Yan'uwansa suka cire masa albasa. Ciniki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, don labarin buta ya zaga, iyayen yara zabiya daga Tumbutu da sauran ƙauyukan bakin kogi suka fara zuwa, har da matan da man haske ya cinye wa fata, rana na yi musu tabo. Kowa ya zo sai in ɗaure masa igiya a roba, in faɗa masa magana tun daga farko har ƙarshe, ko yana sauri ko ba ya sauri. Amma duk keken da ya tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi.

Ranar wata Lahadi sai ga shi, Hawa na biye da shi da buhun albasa a ka. Ta sauke a bakin rumfa ta ce Malam ne ya ce a kawo, ita ba da yawunta ba. Fuskarsa ta warke sumul, ban taɓa ganinta haka ba. Ya ce likita ya yarda ya koma gona, da sharaɗin malafa da dogon hannu da hutun tsakar rana, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa. Sai na lura tabaransa ɗaure yake da zare ta bayan kai. Ya cire malafa ya juyo mini gefen hagu. Saman kunnen babu, an yanke, an ɗinke shi tsaf.

“Sun ce da na daɗa wata biyu, da ba nan za su tsaya ba,” in ji shi. “Kunnen dai ba shi riƙe tabarau yanzu, amma Hawa ta ce ko da can ba ni jin magana da shi.”

Hawa ta ce gaskiya ne. Maƙwabciyata ta yi dariya, masu wucewa suka yi. Ni na buɗe baki in taya su, abin ya ƙi.

Ya mayar da malafarsa, ya gyara zaren, ya miƙo mini robar da ta ƙare, igiyar na rataye a wuyanta.

“Ba ni wata, Hajiya. Kuma ki hwaɗa min yadda aka shahwa ta tun daga hwarko, kak ki rage komi. Kunne guda da rabi gare ni, amma ina ji.”

Na buɗe randa na ɗauko, na yi bisimilla, na fara daga lamba hamsin.